Saƙon Kuskuren VirtualBox: Abin Da Ake Nufi Idan Direban Tsaro Ya Ƙi Tashi

VirtualBox manhaja ce da ke ba mutum damar kunna wata kwamfuta a cikin kwamfutarsa. Kamfanin Innotek na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Sun ya saye shi a 2008, sannan ta koma hannun Oracle a 2010. Ma'aikata da 'yan kasuwa kan dogara da ita wajen ci gaba da aiki da tsohuwar manhajar lissafi wadda sabon Windows ba ya karɓa.

Manhajar ba ta aiki sai da direba, wato ƙaramin shirin da ke haɗa ta da zuciyar tsarin kwamfuta. Sunansa vboxdrv, a sababbin nau'o'in manhajar na Windows kuwa VBoxSup. Tun daga 2014 aka ƙarfafa tsaronta a Windows, inda take tantance sa hannun duk fayil ɗin da ke neman shiga cikinta. Idan an dakatar da direban, ko ya gaza tashi, sai ta ƙi kunna kwamfutar ta ciki, ta fito da saƙon kuskure.

A Linux, saƙon kan ƙare da lambar rc=-1908. Galibi hakan na faruwa ne bayan an sabunta zuciyar tsarin ba a sake gina direban ba, ko kuma kariyar Secure Boot ta hana shi shiga saboda rashin sa hannu. Umarnin /sbin/vboxconfig na sake gina shi. Idan sa hannu ne matsalar, sai an yi wa mabuɗinsa rajista.

A Windows, saƙon kan ambaci VBoxDrvStub. Umarnin sc.exe query vboxsup zai nuna halin da direban yake ciki. A fara da sake kunna kwamfutar. In bai yi ba, a sake girka manhajar da izinin mai gudanarwa. Fayil ɗin VBoxHardening.log na ɗauke da bayanin inda aikin ya tsaya, don haka shi ya kamata a nuna wa mai gyara.

Saƙon ba ya nufin bayanai sun salwanta, domin suna nan a fayil ɗin faifan kwamfutar ta ciki. Haɗarin yana ga mai gaggawar da zai kashe Secure Boot ko manhajar kariya don saƙon ya ɓace. Yin hakan na buɗe wa miyagun manhajoji ƙofa a kwamfutar da ke riƙe da lissafin shago ko takardun ofis.