Faifan Garmaho: Yadda Bugun Farko Ya Yi Daraja

Waɗanda suka ƙera faifan garmaho ba su yi shi don a adana ba. Kayan kasuwa ne kurum, a saya a ji, in ya ƙoƙe a jefar. A cikin shekara ta 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai na roba mai juyi 33 da sulusi a minti guda, a 1949 kuma RCA Victor ya kawo ƙarami mai juyi 45. Wannan ƙaramin, saboda araharsa, shi ya ɗauki waƙoƙin samari ya kai su ko'ina.

Kafin a gane dalilin da ya sa ake farautar bugun farko, wajibi ne a san yadda ake yin faifan. Daga tef ɗin asali ake sassaƙa sauti a kan wani faranti mai laushi, daga farantin a yi hatimin ƙarfe, sa'an nan hatimin ya riƙa danne roba mai zafi. To, hatimi yana cinyewa, tef ma yana tsufa, sau da yawa kuma bugun baya daga kwafin kwafi ake yinsa. Saboda haka bugun farko ya fi kusa da abin da mawaƙi ya ji a ɗakin ɗaukar murya. Masana sukan karkata faifai ga haske su duba wasu 'yan lambobi da aka zana kusa da tsakiyarsa, kamar yadda malami ke duba hannun magubci a tsohon littafi.

Amma fa ba daɗin sauti kaɗai ke yanka farashi ba. Ƙaranci ya fi shi ƙarfi, har kuskure ma yakan zama jari. A 1966 kamfanin Capitol ya buga faifan Beatles mai suna Yesterday and Today, da hoton mawaƙan sanye da rigunan mahauta, ga tsokar nama da gaɓoɓin 'yartsana a jikinsu. Jama'a suka yi tir, kamfani ya janye shi, ya manna sabon hoto a kan tsohon. Bangon da aka ji kunyarsa shi ya koma abin nema. A 2015 aka yi gwanjon faifan White Album mai lamba 0000001, na Ringo Starr, a kan dala 790,000, alhali waƙoƙin ciki ba su bambanta da na kowane kanti ba. Wannan kam ciniki ne na alfahari.

Akwai inda aikin masu tarawa ya wuce sha'awa. Bayan fitowar faifan CD a 1982, gidaje da yawa suka zubar da nasu, kamfanoni kuma ba duka suka kula da rumbunsu ba. Gobarar da ta tashi a harabar Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin tef na asali. A Nijeriya abin ya fi muni. EMI da Decca sun ɗauki waƙoƙi masu yawa a Legas a shekarun 1970, amma da tattalin arziki ya karye, satar fasaha ta hanyar kaset ta yawaita, sai harkar ta durƙushe, tef da yawa suka salwanta. Waƙar da tef ɗinta ya ɓata, faifan da ya tsira shi ne shaidarta.

Baƙi suka riga 'yan gida lura da haka. Suka riƙa zuwa daga Turai da Amurka suna bin kasuwanni da tsofaffin shaguna, suna saye da araha. Kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Luaka Bop na New York kuma ya sake buga waƙoƙin William Onyeabor na Inugu a 2013. Waƙoƙin sun tsira, an ji su a duniya, amma fayafayan da aka saya sun ƙetare teku, ɗalibin da ke son nazarinsu yakan tarar kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihunsa.