Rajistar Kilishi da Kifin Madarumfa

A shekarar 2004 ne hukumar UNESCO ta kafa ƙawancen biranen da suka yi fice a fasaha, kuma a 2005 Popayan ta ƙasar Kolombiya ta zama ta farko da aka karrama saboda girkinta. Birane da dama sun bi sahu, amma babu na ƙasar Hausa a rukunin abinci. Ta wata ƙofa dabam girkin Bahaushe ya samu shaidar ƙasashen waje.

A 2023 ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin fasaha, wadda ke da mazauni a Yawunde, ta miƙa wa Nijar takardun rajistar kilishinta da albasar Galmi. Manufar ita ce kada wani ya sayar da nasa da wannan suna alhali bai fito daga nan ba. Barkonon Penja na Kamaru ya riga su tun 2013.

Sai dai kilishi ya girmi iyakar da Faransa da Ingila suka shata. Tun kafin zuwan Turawa mahauta, a ƙarƙashin Sarkin Fawa, ke feɗe tsoka sala-sala, su shanya a rana, su tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, su gasa sama-sama, domin ya zama guzurin fatake da ba ya lalacewa a hanya. Hannu ɗaya ne daga Tasawa har Katsina. Ga shi kuwa Nijeriya ba ta cikin OAPI. Takarda ta raba abin da wuƙar mahauci ba ta taɓa rabawa ba.

Mutumin Madarumfa, da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, ya fi kowa ganin wannan. Garinsa ma ya shiga kundin UNESCO, domin a 2006 Nijar ta sa dajin da tafkin da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman a amince da su a matsayin gadon duniya. Waliyyan aka duba, ba tukunya ba. Kifin da masunta ke kamawa a tafkin mata su soya, da zogalen fadamar Gulbin Maraɗi da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, ba su da wata takarda sai sunan da suka yi a bakin masu ci, daga kasuwar Maraɗi zuwa ta Jibiya.