Daga Yariko zuwa Taruga: Muhawara kan Ingancin Hujjar Tonon Kufai

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, shi ya sa da zarar an ce an tono wani abu a kufai wanda ya gaskata tsohon labari, sai jama'a su ɗauka magana ta ƙare. Wannan maƙala za ta nuna cewa abin da aka tono ba ya zama hujja sai an san shekarunsa ta hanyar da ba ta dogara da labarin da ake neman tabbatarwa ba. Za a duba muhawarar masana kan Yariko, birnin da aka ambata a Littafi Mai Tsarki na Kirista, sannan a auna darasinta da kufai biyu na gida, wato Taruga da Durɓi Takusheyi.

2.0 Ganuwar Yariko

Littafin Joshuwa ya kawo labarin yadda ganuwar Yariko ta rushe a gaban Banu Isra'ila. Daga 1930 zuwa 1936, John Garstang na Jami'ar Libaful ya yi tono a kufan birnin, a Falasɗinu, inda ya tarar da rusasshiyar ganuwa da alamun gobara. Ya yanke cewa wannan ya faru wajen shekarar 1400 kafin Miladiyya, lokacin da ya dace da lissafin da ake yi wa labarin.

Daga 1952 zuwa 1958 Kathleen Kenyon ta sake tona wurin. Ita kuwa ta riƙa bin ƙasar hawa-hawa, tana lura da irin sakainun tukwanen da ke kowane hawa, domin kowane zamani da irin ginin tukunyarsa. Bincikenta ya nuna cewa ganuwar da Garstang ya dogara da ita ta girmi zamanin da ya ba ta da ƙarnoni masu yawa, birnin da ya ƙone kuma ya ƙone ne wajen 1550 kafin Miladiyya. A 1990 Bryant Wood ya ƙalubalance ta, yana goyon bayan Garstang, amma a 1995 Hendrik Bruins da Johannes van der Plicht suka yi awon kabon kan ƙonannen hatsin da aka samu a wannan hawa, sakamakon kuma ya faɗa cikin ƙarni na 16 kafin Miladiyya, daidai da ra'ayin Kenyon.

Wannan bai nuna cewa tono kullum yana saɓa wa rubutu ba. A 1993 an sami wani dutse a Tel Dan mai rubutun Aramiyanci na ƙarni na 9 kafin Miladiyya, wanda akasarin masana suka yarda ya ambaci gidan Dawuda. Ƙarfin wannan hujja shi ne, wani sarki abokin gaban Isra'ila ne ya sa aka rubuta shi, ba shi kuwa da bukatar gaskata littafinsu.

3.0 Taruga da Asalin Ƙira

Irin wannan muhawara ta faru a ƙasar Suleja. Bernard Fagg, wanda ya fito da al'adar Nok fili, ya yi tono a Taruga cikin shekarun 1960. A lokacin ana kwatanta wurin da cewa yana kudu maso gabashin Abuja, Abujar da ake nufi kuwa ita ce Suleja ta yau, garin da Abu Ja ya kafa a 1828. Ke nan mazaunin Kwamba ko wata unguwa ta Suleja bai kamata ya ɗauki wannan batu na nesa ba.

Kafin wannan tono, ra'ayin da ya yi rinjaye a wurin Turawa shi ne, sanin narka tama ya shigo Afirka ta Yamma ne daga Marawi ta ƙasar Sudan, babban birnin daular Kush, wadda Littafi Mai Tsarki ya ambaci sunanta. A Taruga an sami matoyan narka tama 13 tare da mutum-mutumin yumɓu, awon kabon na gawayinsu kuma ya nuna ana aikin aƙalla tun ƙarni na 4 kafin Miladiyya. Tsufan nan ya raunana ra'ayin Marawi, domin bai bar isasshen lokacin da sana'ar za ta ratso wannan nisa ba. Sai wasu suka koma ga Kartaj ta Finikiyawa, wasu kuma suka ce a nan aka ƙago sana'ar. Har yau ba a rufe muhawarar ba, amma gawayin Taruga ya tilasta wa kowa kawo shekaru, ba zato ba. Bugu da ƙari, binciken da Jami'ar Farankfot ta fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig ya mayar da mafarin al'adar Nok zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya.

4.0 Durɓi Takusheyi

Hausawa ma suna da labarin asali daga Gabas, wato na Bayajida da Bagadaza. H. R. Palmer, wanda ya shahara da danganta daulolin wannan yanki da baƙi daga Gabas, ya tona wasu kaburburan Durɓi Takusheyi ta ƙasar Katsina a 1907. A 1992 aka sake tono tare da Dierk Lange na Jami'ar Bayroit, masanin da ke ganin cewa tushen daulolin Hausa da Borno yana da alaƙa da mutanen da suka baro Gabas ta Tsakiya bayan faɗuwar daular Assuriya.

An sami kayan zinariya da na tagulla da wuri da tasa wadda aka kawo daga ƙasashen Musulmi na Gabas. Sai dai nazarin da aka yi wa kayan a Jamus ya nuna kaburburan ba su wuce ƙarni na 13 na Miladiyya a tsufa ba, alhali Niniba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a 612 kafin Miladiyya. Abin da kayan suka tabbatar shi ne fatauci tsakanin Katsina da ƙetaren Sahara. Ba su ce kome ba game da hijirar da ta riga su da kusan shekara 1,900.

5.0 Kammalawa

Daga misalan nan ana iya fitar da ma'auni uku. Na farko, a wane hawa na ƙasa aka sami abin? Na biyu, da me aka auna shekarunsa? Na uku, shin wani masanin da ba ya ra'ayin mai tonon zai iya sake duba hujjar? Kenyon ta iya gyara Garstang ne domin ya bar mata ƙasar da ba a taɓa ba. Wannan dama ce ke kuɓuce mana, domin masu haƙar sata sun wargaza kufan Nok da yawa, har a 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa mutum-mutumin Nok cikin jerin kayan da ke cikin haɗari. Abin da aka cire daga hawansa ya rabu da gawayin da zai faɗi shekarunsa, daga nan kuwa kowa na iya laƙaba masa asalin da ya ga dama. Saboda haka ya wajaba sarakuna da masu unguwanni na ƙasar Suleja su sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa duk kufan da aikin gini ko haƙar ma'adinai ya bankaɗo, tun kafin a taɓa shi.