Ɗan Akwatin da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Makaɗi

Duk wanda ya taɓa zama wajen biki a Limawa, cikin Dutse, ya san matsalar: da zarar kalangu ya ɗau zafi, sai muryar garaya ta ɓace. Masu kaɗa jita mai lantarki ma sun daɗe suna fama da haka. Maganin da aka samo shi ne wani ɗan akwati mai ƙarfafa sautin jita kafin ya isa amfilifaya.

A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin Dallas na Landan ya fito da Rangemaster, wanda ake ɗorawa bisa amfilifaya don fito da siririn sauti. A 1968 Mike Matthews ya kafa Electro-Harmonix a New York, ya shiga sayar da LPB-1. Daga baya aka sauko da irin waɗannan na'urori ƙasa, makaɗi ya taka da ƙafa idan aka bar masa fili shi kaɗai.

A rangadi ake ganin amfaninsa. Mai yawon kiɗa ƙasa-ƙasa yakan dogara da amfilifayar haya, kowace da halinta, amma akwatin jaka yake shiga.

Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar, da wayar keke ya harhaɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Yau Turai da Amurka yake zagayawa. Juyin mulkin Yulin 2023 ma a Amurka ya riske shi. Shi da mai garayar Limawa buƙatarsu ɗaya ce: a ji tsirkiya a tsakiyar taro.