Wasiƙar Ajayi Crowther ta 1837: shaida ce ko tarihi?

Kalmar shaida ta shigo Hausa daga Larabci, tushenta ɗaya da shahada da shahidi. A gaban alƙali aka fi saninta. Kiristoci masu magana da Hausa kuwa suna kiran labarin da mutum ke bayarwa na yadda ya ba da gaskiya da wannan suna, wato abin da Faransanci ke ce wa témoignage. Tambayar da ta dame mu a wannan ƴar takarda ita ce: idan aka rubuta irin wannan shaida, har ina mai binciken tarihi zai dogara da ita? Misali ɗaya za mu ɗauka, wasiƙar da Samuel Ajayi Crowther ya rubuta da Ingilishi a Saliyo cikin Fabrairu 1837, zuwa ga sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Landan.

Ga abin da wasiƙar ta ƙunsa a taƙaice. A 1821 mahara suka faɗa wa garinsu Osogun, a ƙasar Yarbawa, suka kama shi yana yaro tare da uwarsa da ƙannensa. Aka raba su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har an taɓa musanya shi da doki, daga ƙarshe ya faɗa hannun ƴan Fotugal a Ikko. A watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, aka kai bayin Firitawun. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825.

Abu na farko da muka lura da shi shi ne rabon wuri. Bauta ta cinye mafi yawan wasiƙar, tuban kuwa layuka kaɗan aka ba shi. Inda ya yi dogon bayani nan ne hujja take: sunayen garuruwa, kayan da aka biya a kansa, yunƙurin da ya yi na shaƙe kansa don tsoron a sayar da shi ga Turawa. Har ya faɗi yadda, a cikin jirgin Ingilishi, ya ga tarin harsasan igwa ya ɗauka kawunan ƴan'uwansa ne, ya ga naman alade a rataye ya ɗauka namansu ne. Mai neman yabo ba ya ƙirƙiro irin wannan. Shi ya sa masanin tarihi J. F. Ade Ajayi ya sake fitar da wasiƙar da sharhi a 1967, a matsayin madogara kan yaƙe-yaƙen da suka rusa daular Oyo.

Amma akwai murya ta biyu a cikinta. Tun da farko Crowther ya kira ranar kamunsa ranar baƙin ciki, nan take kuma ya kira ta mai albarka, domin a ganinsa ita ce Allah ya sa ta zama mafarin hanyarsa. Yaron 1821 bai san haka ba. Malamin 1837 ne ke magana, shekara 16 bayan abin, cikin harshen da ba na uwarsa ba, ga mutanen da suka ilimantar da shi, waɗanda kuma ke buga irin waɗannan labarai ga masu ba su gudummawa. Ba mu ce bai gaskata abin da ya rubuta ba. Rayuwarsa duka, har zamansa bishop a 1864, ta nuna ya gaskata. Abin da muke cewa shi ne, a nazarin matani dole a rarrabe mai ganin abu da mai ba shi ma'ana, ko da mutum ɗaya ne. A ra'ayinmu masu tarihi sun yi saurin kwashe na farko su zubar da na biyu, alhali shi ma hujja ne kan yadda ƴantattun bayin Saliyo suka fahimci abin da ya same su.

Kwatanci na kusa da mu zai ƙara haske. J. F. Schön, abokin tafiyar Crowther a kogin Kwara a 1841, shi ne ya rubuta daga bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Barth ya kai Turai a 1855, labarin rayuwarsa. Shi ma an kama shi, an sayar, an ƴanta shi, ya zauna a gidan ɗan mishan. Duk da haka labarin da ya fito a Magana Hausa a 1885 na tafiye-tafiye ne, da abinci, da al'adun Turawa, ba na tuba ba. Dalilin a fili yake: Schön Hausa yake nema, jimloli da kalmomi don nahawu da ƙamus, sai ya bar yaron ya yi ta zuba yadda ya ga dama.