Littafin sauti a bakin aiki: tarihinsa da yadda ake zaɓen mai karatu

Littafin sauti shi ne wanda aka naɗi muryar wani yana karanta shi, domin a saurara ta waya ko kwamfuta. A shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifan garmaho a Amurka da Birtaniya saboda makafi. An kafa kamfanin Audible a 1995, Amazon ta saye shi a 2008. A 2005 kuma aka buɗe LibriVox, inda 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a saurara kyauta.

Sauraron karatu a bakin aiki ya girmi duk waɗannan. A 1865 masu naɗe sigari a Havana, babban birnin Kyuba, suka fara ajiye wanda zai riƙa karanta musu jaridu da littattafai yayin da hannuwansu ke aiki. A 1866 mahukuntan Sifaniya da ke mulkin tsibirin suka haramta al'adar, don gudun kada ta tunzura talakawa. Daga baya ta farfaɗo, har ta ƙetara zuwa Tampa a Amurka, inda ma'aikata ke biyan mai karatu daga aljihunsu, su kuma zaɓi littafin da kansu. Da masu masana'antu suka kori masu karatun a 1931, sai ma'aikatan suka tafi yajin aiki.

Ba kowane aiki ne ke karɓar sauraro ba. Wanda hannu ya saba da shi, kamar ɗinki, guga, saƙa ko shirya kaya, yakan bar hankali ya bi labari. Rubuta rahoto, lissafi da amsa wa abokan ciniki kuwa suna buƙatar hankalin da littafin ke nema, sai a yi biyu-babu. Mai aiki kusa da inji ko a bakin titi bai kamata ya toshe kunnuwansa biyu ba, kuma dokar wurin aiki ce a gaba.

Mai sauraro ba ya ganin shafi, saboda haka fahimtarsa ta rataya ga mai karatu: shi ke nuna inda aka yi gatse da inda aka nanata magana. Kafin a sayi littafi, a saurari ɗanɗanon da manhajoji ke bayarwa kyauta. A lura ko muryar na fita sarai a cikin hayaniya, ko yana tsayawa inda jimla ta tsaya, ko yana bambanta masu magana ba tare da wuce gona da iri ba, da yadda yake furta sunayen mutane da garuruwa. A duba kuma ko cikakken littafi ne ko taƙaitacce, domin a littafin siyasa abin da aka yanke yana iya zama hujjar marubucin.

Tarihin rayuwa yakan fi armashi a bakin mai shi. Barack Obama ya ci kyautar Grammy a 2006 da 2008 da karanta littattafansa, Michelle Obama ta ci a 2020. Tun 2023 Apple ke fitar da littattafai da muryar na'ura, don haka yana da kyau a bincika ko mutum ne ya karanta.

A Hausa zaɓen ya fi nauyi, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Mai karanta littafin Hausa a rediyo ko YouTube sai ya fahimci jimla kafin ya furta ta, kuma wanda ke tuntuɓe a irin waɗannan kalmomi a mintunan farko, da wuya ya kai mai sauraro ƙarshen littafi.