2.3 Tarihin Auna Layin Saraɗan da Layin Jadyu

Littattafan labarin ƙasa na makarantu sukan zana layuka biyu a jikin taswirar duniya, ɗaya a arewa da Ikwaita, ɗaya a kudu, su ce kowanne yana kan digiri 23 da rabi. Na arewa shi ne Layin Saraɗan, na kudu kuwa Layin Jadyu. Tsakaninsu ne kawai rana take iya tsayawa a tsakar kai har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafafunsa. Kano, alal misali, tana wajen digiri 12 arewa, don haka rana takan tsaya a kanta sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. A wannan sashe za a nuna cewa waɗannan layuka ba a kafe suke ba kamar yadda taswira take nunawa, kuma masana sun shafe shekaru kusan dubu biyu kafin su tabbatar da haka.

Sunayen kansu tsofaffi ne. Saraɗan shi ne kaguwa, jadyu kuwa ɗan akuya, kuma duk wanda ya karanci ilmin taurari a zaure ya san su a cikin burujai goma sha biyu. Lokacin da Girkawa suka raɗa sunayen, rana tana cikin burujin Saraɗan ne idan ta kai ƙarshen tafiyarta arewa wajen 21 ga Yuni, tana kuma cikin Jadyu idan ta kai ƙarshen kudu wajen 21 ga Disamba. Yanzu taurarin sun goce daga waɗannan wurare, a Disamba ma rana cikin Ƙausu take, amma sunayen sun zauna.

Labarin awo yakan fara ne daga Iratostinis, mutumin Sirini ta ƙasar Libiya ta yau, wanda ya shugabanci ɗakin karatun Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An sani a zamaninsa cewa a garin Siyini, wato Aswan, abu a tsaye ba ya da inuwa da tsakar ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, har marubutan baya suka ambaci wata rijiya da haske yake kaiwa ƙasanta. A wannan rana kuma inuwa a Iskandariyya tana nuna karkatar kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ɗauki nisan garuruwan biyu a matsayin sitadiya 5,000, ya ninka sau 50, ya sami 250,000 a matsayin kewayen duniya. Wato ya ɗora lissafinsa a kan cewa Aswan tana kan layin daidai. Ba haka ba ne. Aswan tana kan digiri 24 da minti 5, layin kuwa a lokacin yana wajen digiri 23 da minti 43. Tun da kowane digiri minti 60 ne, kowane minti kuma ya kusa kilomita 2 a doron ƙasa, tazarar ta kai kimanin kilomita 40. Inuwar da wannan tazara take haifarwa ƙarama ce ƙwarai, ido ba zai kama ta a bakin rijiya ba, saboda haka ba a ga laifinsa sosai.

Hanyar awon ba ta da wuyar faɗa. A auna tsayin rana da tsakar ranar da ta fi tsawo, a sake aunawa a wadda ta fi gajarta, a raba bambancin biyu. Wahalar tana ga kayan aiki. Baɗlamus na Iskandariyya, a ƙarni na 2 miladiyya, ya rubuta digiri 23 da minti 51 da daƙiƙa 20 a littafinsa Almajisɗi. Wannan ya ɗara gaskiyar lokacinsa da wajen minti 10, amma girman sunansa ya sa adadin ya zauna shekaru kusan 700.

Masanan Bagadaza ne suka taɓa shi. Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya sa aka yi sabon awo a unguwar Shammasiyya ƙarƙashin Yahaya bin Abi Mansur, aka sami digiri 23 da minti 33. Daga baya Albattani, wanda ya yi aiki a Raƙƙa ya rasu a 929, ya sami minti 35. Muhimmancin wannan aiki ya wuce adadin da aka samu, domin mutanen da suka fassara Baɗlamus suka girmama shi, su ne kuma suka ƙi karɓar maganarsa sai sun gwada da hannunsu. Sai dai gwajin ya haifar da tambaya mai wuya: Baɗlamus ne ya yi kuskure, ko kuwa layin ne ya motsa?

Wanda ya fito fili ya ce layin yana motsi shi ne Alkhujandi. A garin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, ya gina wani ƙaton ma'auni mai rabin faɗi kimanin mita 20, inda hasken rana yake shigowa ta wata kafa a rufi ya sauka a kan baka mai zane. A shekarar 994 ya sami digiri 23 da minti 32 da daƙiƙa 19. Da ya jera wannan da adadin magabata, sai ya ga kullum raguwa ake yi, ya yanke hukunci cewa karkatar tana raguwa. Albiruni, wanda ya san shi, ya ruwaito cewa kafar rufin ta nutsa kimanin taƙi guda saboda nauyin gini, abin da ya rage adadin da wajen minti 2. Ke nan hukuncin Alkhujandi daidai ne, amma hujjarsa tana da rauni ta fuska biyu, domin adadin Baɗlamus ya yi yawa, nasa kuma ya yi kaɗan. Shakkar Albiruni ba taurin kai ba ce. Da kayan aikin wancan zamani, kuskuren awo ɗaya ya fi motsin da layin yake yi cikin shekaru 200.

Sarki Ulug Beg na Samarƙandi ya ninka girman ma'aunin zuwa kimanin mita 40 a shekarun 1420, ya sami digiri 23 da minti 30 da daƙiƙa 17, adadin da ya yi kusa ƙwarai da gaskiya. An kashe shi a 1449, ginin ya rushe, sai a 1908 aka tono ragowarsa. Dalilin motsin kuwa sai a ƙarni na 18 masana lissafi na Turai, irin su Laplas, suka bayyana shi: jan da sauran duniyoyi suke yi wa tamu. Abin da aka tabbatar yanzu shi ne karkatar tana kai da komowa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 cikin shekaru kusan 41,000. A halin yanzu tana wajen digiri 23 da minti 26, kuma layukan biyu suna matsowa wajen Ikwaita da kimanin mita 14 zuwa 15 kowace shekara.

Wannan ya sa duk wata alama da aka kafa a kan layin takan zama tsohon labari. Japanawa sun gina ɗaya a Ciyayi ta tsibirin Taiwan a 1908, kuma zuwa yau layin ya bar wurin da fiye da kilomita ɗaya da rabi. Aswan kanta yanzu tana arewa da shi da kimanin kilomita 70, domin ta kan Tafkin Nasir yake ratsawa, bayan ya fito daga Aljeriya ya gilma ta can ƙurewar arewacin Nijar da kudancin Libiya. Duk da haka an sa shi cikin yarjejeniyar tsaro: sashe na 6 na yarjejeniyar ƙungiyar NATO ta 1949 ya taƙaita alƙawarin kare tsibiran ƙasashen ƙungiyar na Tekun Atlantika ga waɗanda suke arewa da Layin Saraɗan. Tun daga ranar da aka sa hannu, wannan iyaka ta gusa kudu da fiye da kilomita ɗaya.